Tsakanin majalisa da alƙali: wa ke da ikon auna hukuncin mai laifi?

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2025, wasu 'yan bindiga suka kutsa garin Bagudo da ke jihar Kebbi, suka yi awon gaba da mataimakin kakakin majalisar dokokin jihar, Muhammad Sama'ila Bagudo, wanda bai kuɓuta ba sai bayan kimanin mako guda.

Ba a cika mako uku ba, a ranar 17 ga watan Nuwamba, aka sace ɗalibai mata 25 daga makarantar sakandaren Maga da ke kudancin jihar, aka kuma kashe mataimakin shugaban makarantar.

Waɗannan hare-hare, da makamantansu a jihohin Neja da Kwara, su suka sa Majalisar Dattawan Nijeriya ta nemi a ɗauki satar mutane a matsayin ta'addanci, a kuma tanadi hukuncin kisa a kansa, ba tare da an bar wa alƙali damar yin sassauci ba. A watan Disamba na shekarar ƙudurin da jagoran majalisar, Sanata Opeyemi Bamidele, ya gabatar ya tsallake karatu na biyu.

To sai dai a zaman jin ra'ayoyin jama'a da aka yi, ministan shari'a, Lateef Fagbemi, ya nuna rashin amincewa da tanadin hukuncin kisan, kamar yadda ƙungiyar lauyoyi da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar suka yi.

Muhawarar ta sake tono wata tsohuwar tambaya: idan kotu ta samu mutum da laifi, wa ya kamata ya auna nauyin hukuncin da za a yi masa, 'yan majalisar da suka rubuta dokar, ko alƙalin da ya saurari shari'ar?

Yadda tsarin mulki ya raba iko

Tsarin mulkin Nijeriya na shekarar 1999 ya raba aikin gida uku. Sashe na 4 ya ba majalisu ikon yin doka, sashe na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon aiwatar da ita, sashe na 6 kuma ya ɗora wa kotuna ikon yin shari'a.

Sashe na 36 ya ƙara da cewa ba za a hukunta kowa ba sai an bayyana laifin a rubutacciyar doka, an kuma faɗi hukuncinsa a cikinta. Ke nan alƙali ba shi da hurumin ƙirƙiro laifi, ko ya ƙago hukuncin da doka ba ta sani ba.

Ita ma majalisa an ja mata layi. Ba ta da ikon yin dokar da za ta hana kotuna sauraren ƙara, haka kuma ba za ta yi dokar laifi da za ta koma baya ta kama abin da aka aikata kafin a kafa ta ba.

Wannan tanadi na ƙarshe yana da tarihi. A watan Afrilu na shekarar 1985 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta bindige wasu mutum uku a Legas bisa laifin safarar ƙwaya, a ƙarƙashin doka ta 20 ta shekarar 1984, wadda aka sa ta yi aiki a kan abin da ya gabace ta.

Abin da tsarin mulkin bai fayyace ba shi ne, har zuwa ina majalisa za ta iya matse hannun alƙali wajen yanke hukunci.

Hukunci iri uku

A dokokin Nijeriya hukunci yakan zo ta ɗaya daga hanyoyi uku.

Ta farko, kuma wadda ta fi yawa, ita ce doka ta faɗi iyakar da ba za a wuce ba. Idan ta ce ɗaurin shekara biyar, alƙali yana iya yanke biyar ɗin, ko biyu, ko wata shida, gwargwadon abin da ya gani. Dokar fassara dokoki ta ƙasar ta tanadi cewa hukuncin da aka ambata a doka shi ne mafi tsanani, sai fa idan lafazin dokar ya nuna akasin haka.

Ta biyu ita ce doka ta faɗi mafi ƙarancin abin da za a yanke. Dokar fashi da makami ta shekarar 1984, alal misali, ta ce wanda ya yi fashi ba tare da makami ba, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 21 ba.

Ta uku ita ce doka ta yanke hukunci guda, ta rufe ƙofa. Wanda aka samu da laifin fashi da makami, ko kisan kai da gangan a ƙarƙashin dokar final kod da jihohin arewa suka gada tun shekarar 1960, hukuncinsa kisa ne.

A irin wannan shari'a, da zarar an tabbatar da laifi, aikin alƙali ya ƙare. Ko da wanda ake tuhuma ya roƙi sassauci, ko da wannan ne karon farko da ya taɓa shiga hannun hukuma, ba abin da zai sauya.

Mai bindiga da mai riƙe babur

Inda gizo ke saƙar shi ne, laifi ɗaya a takarda ba lallai ne ya zama laifi ɗaya a zahiri ba.

Dokar fashi ba ta tsaya a kan wanda ya riƙe bindiga ba. Ta haɗa har da duk wanda yake tare da mai makamin lokacin da aka yi fashin. Idan aka tare 'yan kasuwa a kan hanyar Ka'oje ko Tsamiya, jagoran da ya harbi mutum da matashin da aka ba gadin babura a bakin daji, hukuncinsu ɗaya ne a idon doka.

An ga haka a jihar Osun, inda a shekarar 2014 wata babbar kotu ta yanke wa wani matashi hukuncin kisa saboda fashin da abin da aka ɗauka a cikinsa kaji ne da ƙwai, domin an tabbatar cewa an shiga gidan da makami. Sai da ya shafe shekara goma yana jiran hauni kafin Gwamna Ademola Adeleke ya yi masa afuwa a watan Disamba na shekarar 2024.

Haka kuma a jihar Adamawa, wani manomi da ya kashe makiyayi a wani faɗa da suka yi a gonarsa ya ce kare kansa ya yi. Kotuna ba su karɓi wannan hanzari ba, kuma da yake an same shi da laifin kisan kai, babu wani hukunci da ya rage sai kisa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a watan Maris na shekarar 2025, Gwamna Ahmadu Fintiri kuma ya yi masa afuwa a watan Disamba na wannan shekarar.

Matsayin Kotun Ƙoli

Lauyoyi sun sha ƙalubalantar wannan tsari, amma ba su yi nasara ba.

A shekarar 1998, a shari'ar da aka fi sani da ta Onuoha Kalu, Kotun Ƙoli ta ce hukuncin kisa bai saɓa wa tsarin mulki ba, domin sashen da ya ba kowa 'yancin rayuwa shi ne kuma ya keɓe wanda kotu ta yanke wa kisa.

A shekarar 2011, a shari'ar Amoshima, aka sake komawa da wata hujja ta daban, cewa tilasta wa alƙali hukunci guda kutse ne majalisa ta yi cikin aikin kotu. Nan ma kotun ta yi watsi da hujjar, tana mai cewa inda doka ta wajabta hukunci, alƙali ba shi da zaɓi, kuma gyaran doka aikin majalisa ne.

Hujjar 'yan majalisa

Masu son a ɗaure hannun alƙalai ba su rasa abin kafa hujja ba, kuma misalin da suka fi kawowa shi ne na kuɗin fanshon 'yan sanda.

A watan Janairu na shekarar 2013 wani babban jami'i a ofishin fanshon, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifin karkatar da fiye da naira biliyan 20. Mai shari'a Abubakar Talba na babbar kotun Abuja ya yanke masa ɗaurin shekara biyu, ko ya biya tarar naira dubu 750. Nan take ya biya, ya kama hanyar gida.

Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce a ko'ina cikin ƙasar, hukumar kula da harkokin shari'a ta NJC kuma ta dakatar da alƙalin na tsawon shekara guda. A shekarar 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓin tarar, ta yanke wa jami'in ɗaurin shekara shida, tare da umarnin ya biya naira biliyan 22 da miliyan 900.

Sai dai masana shari'a na jan hankali ga abubuwa biyu a wannan shari'a. Sashen dokar da aka tuhume shi da shi, iyakar ɗaurin da ya tanada shekara biyu ne, wato raunin ya faro tun daga rubutun doka da kuma zaɓin da masu gabatar da ƙara suka yi. Sannan kuma wata kotu ce ta gyara kuskuren, ta hanyar ɗaukaka ƙara.

Irin wannan ƙorafi ake yi a shari'o'in ƙwaya, waɗanda suka shafi garuruwan kan iyaka kai tsaye. Dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a shekarar 1989, ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigo da hodar ibilis da makamantanta, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da ita. Amma ba baƙon abu ba ne a ji an yanke wa mai fataucin ƙwaya 'yan shekaru kaɗan, ko a ba shi zaɓin tara, abin da shugaban hukumar, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya sha kokawa a kai.

A watan Mayu na shekarar 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu fataucin ƙwaya, amma da aka zo daidaita ƙudurin da na Majalisar Wakilai sai aka tsaya a kan ɗaurin rai-da-rai.

Haddi da ta'aziri

Ga mutanen Bagudo, wannan rabo tsakanin hukuncin da aka ƙayyade da wanda aka bar wa alƙali ba sabon abu ba ne. Kebbi na cikin jihohi 12 na arewacin Nijeriya da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci zuwa manyan laifuka daga shekarar 2000.

A fiƙihu, laifukan haddi 'yan ƙalilan ne, hukuncinsu kuma a ƙayyade yake. Amma an kewaye su da sharuɗɗan shaida masu tsauri, kuma malamai sun yi ittifaƙi a kan cewa idan aka samu shubuha ba a tsayar da haddi. Ta irin waɗannan ƙofofi ne kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a suka sallami Safiya Husaini a Sakkwato a shekarar 2002, da Amina Lawal a Katsina a shekarar 2003.

A kisan kai kuwa, waliyyan mamaci na da damar neman ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Sauran laifuka, waɗanda su ne mafiya rinjaye, suna ƙarƙashin ta'aziri ne, inda alƙali ke duba halin mai laifi da girman ɓarnar kafin ya yanke hukunci.

Idan aka tsallaka iyaka

Ƙaramar hukumar Bagudo tana maƙwabtaka da jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana, daga Lolo kuma a fita ta wajen Malanville. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata iyakar bisa yarjejeniyar shekarar 1898, suka raba Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawan da ke cin kasuwa ɗaya, suke kuma auratayya da juna.

Matsalar tsaro ma ba ta tsaya neman izinin shiga ba. A watan Afrilu na shekarar 2025 gwamnatin Benin ta ce masu iƙirarin jihadi sun kashe mata sojoji 54 a wannan jiha ta Alibori.

Duk da haka, dokokin ƙasashen biyu sun yi hannun riga. Rabon da Benin ta zartar da hukuncin kisa tun shekarar 1987. A shekarar 2012 ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta soke hukuncin, a watan Fabrairu na shekarar 2018 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta mayar da hukuncin fursunoni 14 da suka rage zuwa ɗaurin rai-da-rai, a shekarar 2019 kuma aka rubuta haramcin cikin tsarin mulkin ƙasar.

Wannan bambanci yana da tasiri a aikace. Yarjejeniyar miƙa masu laifi ta ƙungiyar ECOWAS, wadda aka sanya wa hannu a Abuja a shekarar 1994, ta ba ƙasar da ba ta da hukuncin kisa hurumin ƙin miƙa mutumin da za a iya kashewa idan aka mayar da shi.

Ma'ana, idan doka ta ce satar mutane hukuncinta kisa ne babu makawa, wanda ya sace mutum a Illo ya tsallaka Benin yana iya zama mafi wuyar dawowa da shi gaban kotun Birnin Kebbi. Wannan na cikin dalilan da ministan shari'a ya gabatar wa majalisa, yana mai ba da shawarar a tsaya a kan ɗaurin rai-da-rai.

Inda sauran ƙasashe suka dosa

Kotunan wasu ƙasashen Afirka, waɗanda suka gaji dokokin Ingila kamar Nijeriya, sun bi wata hanya dabam.

A Malawi a shekarar 2007, da Uganda a shekarar 2009, da Kenya a shekarar 2017, manyan kotuna sun yanke cewa wajabta hukuncin kisa ga duk wanda aka samu da kisan kai ya saɓa wa tsarin mulki. Ba su soke hukuncin kisan kansa ba. Abin da suka ce shi ne dole a ba mai laifi damar faɗin abin da zai sa a sassauta masa, dole kuma alƙali ya kasance da ikon yin aiki da abin da ya ji.

A watan Nuwamba na shekarar 2019 Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta yanke irin wannan hukunci a kan Tanzaniya. Amurka kuwa tun a shekarar 1976 Kotun Ƙolinta ta hana wajabta hukuncin kisa.

Ina awon yake komawa?

Masu nazarin harkokin shari'a na ganin cewa idan majalisa ta karɓe ma'auni daga hannun alƙali, awon ba ya gushewa, wuri kawai yake sauyawa.

Wuri na farko da yake komawa shi ne teburin ɗan sanda da lauyan gwamnati, domin su ne ke zaɓen tuhumar da za a rubuta. Tsakanin sata da fashi, ko tsakanin fashi da fashi da makami, akwai tazarar rai da mutuwa, kuma ana yanke wannan shawara ce a cikin ofis, ba a bainar jama'a ba.

Wuri na biyu shi ne fadar gwamna. Sashe na 212 na tsarin mulki ya ba gwamna ikon yin afuwa ko rage hukunci, kamar yadda sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa. Gwamna ba ya rubuta dalilansa kamar yadda alƙali ke yi, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan shawararsa.

A ɗaya ɓangaren kuma, gwamnoni ba sa son sanya hannu a takardar kisa. Zartarwar da aka sani ta ƙarshe ita ce ta mutum uku a jihar Edo a watan Disamba na shekarar 2016. A watan Maris na shekarar 2025 hukumar gidajen gyaran hali ta shaida wa Majalisar Dattawa cewa fursunoni 3,688 ne ke jiran hukuncin kisa a ƙasar.

Domin rage wannan cunkoso ne dokar hukumar ta shekarar 2019 ta ba babban jojin jiha damar mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai-da-rai, idan mutum ya ƙare duk matakan ɗaukaka ƙara, ya kuma shekara goma ba a zartar ba.

Alƙalin da ba shi da 'yanci

Sai dai barin ma'auni a hannun alƙali ba ya amfani idan akwai wanda ke riƙe da hannun.

A Benin, duk da soke hukuncin kisa, kotun musamman ta CRIET da aka kafa a shekarar 2018 domin laifukan tattalin arziki da ta'addanci da ƙwaya ta sha suka. Ita ce ta yanke wa ɗan kasuwa kuma ɗan adawa Sebastien Ajavon ɗaurin shekara 20 a bayan idonsa, abin da Kotun Afirka ta ce an tauye masa haƙƙi. A watan Afrilu na shekarar 2021 ɗaya daga cikin alƙalanta, Essowe Batamoussi, ya tsere daga ƙasar yana zargin gwamnati da matsa wa kotun lamba, zargin da hukumomi suka musanta.

A Nijeriya kuwa, ma'aikatan shari'a sun rufe kotunan ƙasar na tsawon kimanin wata biyu daga watan Afrilu na shekarar 2021, suna neman a riƙa ba kotunan jihohi kuɗinsu kai tsaye maimakon jiran abin da gwamna ya ga dama. A watan Maris na shekarar 2023 aka sake yi wa tsarin mulki gyara domin tabbatar da hakan.

Hanyar tsakiya

Akwai wata hanya da dokokin Nijeriya suka riga suka soma bi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta shekarar 2015, wadda ke aiki a kotunan tarayya irin su Babbar Kotun Tarayya da ke Birnin Kebbi, inda ake kai shari'o'in ƙwaya da fasa-ƙwauri daga kan iyaka, ta shimfiɗa wa alƙali ƙa'idoji ba tare da ta ɗaure shi ba.

Ta ce a duba kowace shari'a bisa yanayinta, kada a yanke wa wanda ya yi laifin farko hukunci mafi tsanani, a kuma lissafa zaman da mutum ya yi a tsare kafin a yanke masa hukunci. Ta kuma buɗe ƙofar jingine hukunci da aikin yi wa al'umma hidima a ƙananan laifuka. Amma ba ta taɓa laifukan da aka wajabta wa hukunci guda ba.

Masu goyon bayan wannan tsari na cewa amfaninsa shi ne alƙali zai faɗi dalilinsa a fili, idan ya yi sakaci ko ya wuce gona da iri kuma, akwai kotu a samansa.

Masu neman a tsaurara doka kuwa na ganin cewa al'ummar da ake sace wa 'ya'ya daga makaranta ba ta da lokacin jiran irin wannan gyara, kuma hukunci mai tsanani shi ne saƙon da ɓarayin daji za su fahimta.

Abin da ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kansa ba shi ne, ko hukunci mai tsanani ne ko mai sauƙi, ba ya hawa kan kowa sai wanda aka kama, aka gurfanar, aka kuma samu shaidun da za su iya tsayawa gaban kotu ba tare da fargabar abin da zai same su idan sun koma ƙauye ba.